Yadda Ɗan Dublin Zai Binne Surukinsa a Mayo Har a Daɗe Ana Zancensa

"Ba cewa na yi ka yi ƙoƙari ba. Cewa na yi kada ka yi komai."

Nuala ce mai maganar, kuma titi take kallo, ba mijinta ba. Tun safe suka baro babban birnin Dublin, sun riga sun haye kogin Shannon, babanta Ambrose Feerick yana can kwance a gida an rufe masa ido. Mijin, Keith Mulhall, ya ce shi tambaya kawai ya yi. Mutum shida ke ɗaukar akwatin gawa, ya duba mazan gidan su Nuala ya ga biyar, to wa zai cike? Ta ce yayanta Malachy ne zai faɗa. Ya ce ya haura shekara goma yana auren 'yar gidan, amma har yau in ya shiga kantin garin "mijin Nuala" ake ce masa, in ya juya baya kuma "ɗan Dublin ɗin nan". Ta ce to da ɗan ina ne? Ya ce ta san abin da yake nufi. Ta ce ta sani, shi ya sa take gaya masa ya tsaya inda aka tsayar da shi, ya karɓi hannun da aka miƙo masa, ya kama bakinsa.

"Kafaɗa ɗaya nake nema, Nuala. Ba gona na ce a ba ni ba."

"Da gonar ka nema da an fi saurin ba ka."

Mu bar su a motar. Da kai nake, ɗan birni. Ka auri 'yar ƙauye, tsohonta ya cika, ka goge baƙin kwat ɗinka, kana so a san da zamanka. Ka zo inda ya dace. Bi matakan nan yadda Keith ya bi su a garinmu Kilvarra da ke yankin Mayo, kada ka tsallake ko ɗaya, ni kuma na yi maka alkawari sunanka ba zai fita daga bakin mutanen garin ba. Jikokinsu ma sai sun san ka. Ban taɓa ganin wanda ya bi hanyar nan ya kasa ba. Mutum ɗaya na gani ya bi ta, amma dai bai kasa ba.

Mataki na 1: Ka shigo yadda kowa zai gane ka

Ba sai ka wahala ba. Harafin D na Dublin da ke lambar motarka ya riga ya yi maka sallama. Saura yatsa.

In mota biyu suka haɗu a hanyarmu, kowane direba yakan ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Ba murmushi, ba ham. Ma'anarsa na gan ka, na san ubanka, wuce. Keith ya san da wannan, awon ne bai taɓa iyawa ba. Ko ya manta gaba ɗaya a ce girman kai, ko ya ɗaga hannu duka kamar mai neman ƙuri'a. Ranar nan na biyun ya yi. Wani tsoho ya taho a kan tarakta, Keith ya sauke gilashi yana kaɗa masa hannu yana washe baki, ga gawa a gida. Tsohon shi ne Jarlath Gannon, maƙwabcin mamacin, wanda katangar duwatsu ce kawai ta raba gonarsa da ta Ambrose. Ya ɗaga yatsansa ya wuce.

In ka iso, ka ajiye motar a bakin ƙofa, wurin da ka ga kowa ya bari. An bar shi ne don motar gawa. Ba wanda zai gaya maka. Mu ba ma gaya wa mutum ya yi kuskure, ajiyewa muke yi.

Mataki na 2: Da an yi maka tayin shayi ka karɓa

Ga yadda mutumin kirki yake yi. Ya ƙi. A sake tayi, ya ce kada a wahala. A sake, ya ce to in dai an riga an ɗora ruwan, rabin kofi ya isa. Daga nan sai ya sha uku.

Kai kada ka ɓata lokaci. Wata gwaggon Nuala ta tambayi Keith ko zai sha, ya ce zai sha, ya gode. Ya ƙara da tambayar ko akwai madarar hatsi, irin ta kwali, don cikinsa ba ya jituwa da ta saniya. A kicin ɗin mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tatsar shanu ya yi wannan tambaya. Gwaggon ta ce wayyo, ba su da ita, amma akwai hatsin tumaki a rumfa in yana so a jiƙa masa. Ya ce a'a, kada ta wahala. Karo ɗaya ke nan da ya ƙi tayi a gidan.

Mataki na 3: A layin gaisuwa, ka yi magana

An kwantar da Ambrose a falo. Dangi suka jeru a jikin bango, gari ya fara shigowa. Kowa ya miƙa hannu, ya ce sannu da rashi, ya matsa gaba. Mutanen da rabonsu da magana da Ambrose tun rikicin wata ƙofar gona duk sun zo. A Dublin sai an san ka ake zuwa jana'izarka. A nan ko gaba ake yi da kai sai an zo, don a tabbatar.

Keith ne ƙarshen layi, kusa da ƙofa. Duk wanda ya riƙe masa hannu sai ya ƙi saki, ya fara ba shi labarin mamacin. Layi ya tsaya har waje, ana ruwa.

Abin da ya sa ba za ka iya kama bakinka ba shi ne da gaske kake. Keith yana son tsohon. A duk garin Ambrose kaɗai ke zaginsa a gaban idonsa. Minista yake ce masa, saboda takalmansa kullum a goge suke. In Dublin ta doke Mayo a wasan ƙarshe na ƙwallo, Ambrose yakan buga masa waya ya yi shiru a kan layi, ya yi ta numfashi, sannan ya ce Allah ya isa, ya ajiye. Keith ya fi jiran wayar nan a kan wasan. Nasa uban a Dublin ya rasu, aka turo akwatin a kan keke mai taya huɗu, aka ja labule, aka ƙona gawar, kowa ya koma aiki kafin azahar. Ba wanda ya ji nauyinsa a kafaɗa. Keith bai taɓa gaya wa kowa abin yana damunsa ba. Ko da ya faɗa ma, mu da mun ce ai haka suke yi can.

Mataki na 4: Ka saurari tsofaffi, kuma ka yarda da abin da suka ce

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, ka natsu.

Da yamma Keith ya fita bayan gida shan iska. Ya tarar da Jarlath da wasu maƙwabta uku a ƙarƙashin rumfar tarakta, ƙaraminsu ya ba sittin baya. Zancen kabari suke. Ɗaya ya ce ƙasar tsohuwar maƙabarta dutse ce zalla. Wani ya ce ga ruwan nan ba shi da niyyar ɗaukewa. Na ukun ya ce bayansa ya riƙe tun girbin ciyawa. Jarlath ya dafa ƙugunsa da likita ya sa wa ƙarfe, ya ce shi kam bai san yadda za su yi gobe ba, wataƙila sai dai a haɗa da shi a binne. Duk suka girgiza kai.

Kai a birni in ka ji mutum yana kukan aiki, sai ka ce taimako yake nema. Mutuminmu in yana kukan aiki, shaida yake kafawa cewa aikin nasa ne, kowa ya ja da baya. Iyakar kukansa iyakar mallakarsa.

Dangin mamaci ba sa haƙa wa nasu kabari. Maƙwabta ke yi, da shebur da diga, dangi su kawo musu kwalbar wiski da burodi mai nama. Ambrose ya haƙa wa uban Jarlath, ya haƙa wa uwarsa, ya haƙa wa matar Jarlath ranar da ƙasa ta daskare har diga ke tsalle. Jarlath bai taɓa ce masa ya gode ba. Ba a cewa. Jira ake yi. Kuma gobe ce ranar da ya daɗe yana jira.

Ba wanda ya gaya wa Keith wannan, tunda kowa ya sani.

Akwai wani abin kuma da bai sani ba. A daidai lokacin, Malachy yana gaya wa Nuala a ɗakin baya cewa kafaɗa ta shida ta mijinta ce. Tsohon ne ya faɗa da bakinsa kafin ya cika, wai a ba Minista, ko sau ɗaya takalmansa su taɓa laka. Nuala ta yi kuka, ta share ido, ba ta gaya wa Keith ba. Har yanzu da sauran fushin mota, kuma a gidansu ba a saba gaya wa mutum labari mai daɗi da wuri ba, kada ya saki jiki.

Mataki na 5: Ka taimaka, kada ka yi shawara da kowa

Aikin Keith a Dublin kula da ma'aikata ne a wuraren gine-gine. In ya ga rami yana buƙatar haƙa, ya san wanda ake kira. Ya koma mota ya buga wa wani da suka taɓa aiki tare, mai ƙaramar katafila a wani gari can gaba da mu. Mutumin ya tambaye shi ko mutanen gidan sun sani. Keith ya ce so yake su wayi gari su ga an hutar da su. Mutumin ya sake tambaya ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata.

In mutumin ƙauye ya tambaye ka ko ka tabbata, ya gama yi maka gargaɗi. Ba shi da wanda ya fi wannan.

Gari na wayewa katafilar ta sauka daga tirela a ƙofar maƙabarta. Wurin ba ya ɓata, ga dutsen da sunan uwar Nuala, ga filin da aka bar wa mijinta a gefenta. Keith ya sa aka shimfiɗa katako don kada tayoyin su ɓata kabarin kowa. Ya yanke ciyawar sama da hannunsa ya jera ta gefe. Kafin ruwan shayi ya tafasa a gidajen garin an gama. Zurfi daidai, kusurwa huɗu kamar an yanka da wuƙa, ƙasar a tare wuri ɗaya an rufe ta da leda. Ba ni da abin da zan kushe a ramin nan, kuma ba wanda ya samu. Da ya karkace ko kaɗan da an yafe masa.

Katafila ta tafi. Keith ya tsaya a bakin ramin, laka har idon sawu, yana jin wani sanyi a ransa da rabonsa da shi tun kafin a bugo waya a ce tsohon ya tafi.

Mataki na 6: Ka tsaya a yi maka godiya

Kada ka gudu. Wanda ya yi alheri ya tsaya a gan shi.

Suka shigo a jere, shebur da diga a kafaɗa, Jarlath a gaba yana ɗingishi, ya sa tsohuwar hular da yake sa wa haƙar kabari kaɗai. Malachy na baya da kwalba da ƙunshin burodi. Suka zo bakin ramin suka tsaya. Ruwa na sauka a cikinsa.

Sannan Jarlath ya zagaya ramin a hankali, ya leƙa, ya ce aiki ya yi kyau. Ya tambayi injin na wane ne, Keith ya faɗa, ya ce ya san uban yaron, mutanen kirki ne. Ya ce a duba kusurwar nan, hannu ba zai taɓa fitar da irinta ba. Sauran suka ce ba zai taɓa ba. Keith ya ce ba komai, shi dai ya ji suna maganar baya da ƙugu jiya, ya ga bai kamata su sha wahala ba. Jarlath ya ce Allah sarki, ashe ya ji.

Sai ya tuɓe kwat ɗinsa ya rataye a jikin dutsen wani kabari, ya yaye ledar, ya tofa yawu a tafin hannu, ya cika shebur da ƙasa ya watsa cikin ramin.

Sauran suka bi. Keith ya ɗauka wurin ne aka kuskure, ya tambayi Malachy, Malachy ya ce a'a, wurin ke nan. Suka cike shi tas. Suka tattake. Suka ɗauko ciyawar da Keith ya jera suka mayar, kowane yanki a mazauninsa, har sai da wurin ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Malachy ya buɗe kwalbar, kowa ya kurɓa. Jarlath ya yi alamar gicciye, ya ɗaga diga, suka fara haƙa kabarin Ambrose Feerick.

Keith ba wawa ba ne. Kafin a kai rabin cikewa ya gane. Ya tuɓe nasa kwat ɗin, ya nufi wani shebur da ke jingine, ya kai hannu. Jarlath ya ɗora ƙafarsa a kan bakin shebur ɗin, bai ɗago kai ba.

"Dangi ba sa haƙa, saurayi."

Tun da Keith ya fara zuwa garin nan ba wanda ya taɓa sa shi a cikin dangi sai yau. Ya tsaya da hannu a miƙe, bai san ko karɓarsa aka yi ba ko korarsa. Ni ma ban sani ba. Ina jin Jarlath ma bai tsaya zaɓa ba.

Mataki na 7: Ka kare kanka, sannan ka ba da haƙuri

Yi duka biyun, a jere, don kowanne ya ɓata ɗayan.

A jikin katangar maƙabarta Keith ya sauke wa Malachy abin da ya daɗe yana tarawa. Ya ce su mutane ne da gara su mutu da shebur a hannu da su ce sun gode. Ya ce sun iya zuwa Dublin neman asibiti da aiki da kallon ƙwallo, su cika titi da motoci masu warin taki, su koma gida suna cewa birni ya lalace. Ya ce shi a unguwarsu in mutum yana son abu faɗa yake yi, in ba ya so ya faɗa, ba a sa baƙo ya yi duba kafin ya sha shayi. Ya ce tsofaffi huɗu a cikin ruwa, ɗaya da ƙarfe a ƙugu, in wani ya faɗi a ramin nan wa za a ce ya kashe shi?

Malachy ya saurare shi har ƙarshe yana kallon tumakin da ke hayi. Ya ce duk gaskiya ne. Ya tambayi Keith, maƙwabcinka na Dublin, wanda kuke bango ɗaya, wa sunansa? Keith ya ce wannan ba ta shafi zancen ba. Malachy ya ce haka ne, ba ta shafa ba.

Daga nan sai ka je ka ba da haƙuri, da ƙarfi, a gaban kowa. Abin da aka yi niyyar binnewa ba tare da an ambace shi ba, kai ka kira shi da sunansa. Keith ya tsuguna a bakin ramin ya ce wa Jarlath bai san abin da ke tsakaninsa da Ambrose ba, da ya sani da bai yi ba, ya yafe masa. Shebur huɗu suka tsaya. Jarlath ya ɗago daga cikin ramin, laka har gira.

"Haƙurin me? Ai ka sassauta mana ƙasar."

Kuma gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ciwo ke nan. Ƙasar da ya shirya yin yini yana faɗa da ita don Ambrose ta zama kamar gari. Ba dutse ko ɗaya, katafila ta riga ta fasa su. Gefen ramin ma sai zubowa yake yi, sai da aka tokare da katako. Suka ja aikin iyakar yadda za su iya, suna hutawa ba don sun gaji ba, amma kafin tsakar rana ya ƙare. Ramin ya fito a karkace, ƙafa ta fi kai faɗi. Keith ya gani ya kawar da kai. An dai ga ya gani.

Mataki na 8: Duk muƙamin da aka ba ka ka karɓa

Da safen jana'iza Malachy ya same shi a tsakar gida yana goge takalma. Bai yi dogon zance ba. Ya ce an yi wa Jarlath abin da sai an ba shi wani abu a madadinsa, kuma abu ɗaya ne ya rage a gidan da ya kai girman haka. Jarlath zai shiga ƙarƙashin akwatin. Ya ce amma akwai aikin da ke neman mutum mai kai, tunda motoci za su yi yawa kuma filin da ke gefen coci ya jiƙe. Ya miƙa masa rigar nan mai ƙyalli ta masu aikin titi.

Nuala na tsaye a ƙofar kicin. Da yayanta ya wuce ta zo ta gyara wa mijinta wuyan riga, ta ce naka ne fa, Baba ne ya ce a ba ka. Ta gaya masa har maganar takalman. Ya tambaye ta tun yaushe ta sani, ta ce tun shekaranjiya. Ya ce da ta faɗa masa da bai kira kowa ba. Ta ce da ya zauna yadda ta ce da ba sai an faɗa masa ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma ba wanda ya ji sauƙi. Ya ɗora rigar ƙyallin a kan baƙin kwat.

Daga coci zuwa maƙabarta a kafaɗa ake kai mutum, ta gaban filin. Keith yana tsakiyar motoci ya ga an fito. Mutum biyar dogaye, 'yan gidan Feerick, da Jarlath a kusurwar baya, gajere, yana ɗingishi. Akwatin ya karkata wajensa, duk taku sai ya ɗan nutse ya taso. Rabin nauyin Ambrose a kansa yake. Fuskarsa ta yi ja, haƙoransa a cije, kuma duk wanda ya san shi ya san bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Keith ya fi shi tsayi da kusan kai guda. Da shi ne da akwatin ya tafi a miƙe. Ya cire hular ruwansa ya riƙe a ƙirji har suka sha kwana, sannan wata mata ta yi masa ham, tayarta ta kafe.

A nan zan yi adalci. Ba a taɓa jera motoci a Kilvarra kamar ranar nan ba. Layi-layi, kowa da hanyar fita, masu tsofaffi a kusa da ƙofa, tarakta a inda za ta iya janyo wanda ya maƙale. Filin da aka saba kwashe rabin yini ana zage-zage kafin a fita, ya watse ba wanda ya ɗaga murya. Har Fada, limamin cocin, ya yaba. Mutane suka yi ta cewa ɗan Dublin ɗin nan, a ba shi inji ko mota, ba shi da na biyu. Wasu suka ce duk mutuwar da za a yi nan gaba ya kamata a riƙa kiransa.

Ka ga alkawarina ya cika. Yanzu in aka ga rami mai kyau a ko'ina, ko na bututun ruwa ne, sai a ce kamar mijin Nuala ne ya haƙa. Yara da ba su taɓa ganinsa ba suna faɗa.

Wanke hannu

Ni dai hanya na nuna. In ka bi ta matarka ta daina yi maka magana daga Shannon har Dublin, ba ruwana. In ƙugun wani tsoho ya goce, ba ni na aza masa akwati ba. In kuma ka karanta wannan ka ce to kai akasin haka za ka yi, ka ɗaga yatsa ɗaya, ka ƙi shayi sau biyu, ka bar tsofaffi da raminsu, kada ka zo ka ce na yaudare ka don an ce ɗan Dublin ɗin nan ya cika kwaikwayo. Za a ce. Mu ma in mun je garinku mun san abin da kuke ce mana, tun kafin mu buɗe baki kun ji warin shanu. Ban ce wani ya fi wani ba. Ban ce akwai mafita ba.

Kuma kada ka kawo mini tambaya. Keith ma ya yi tasa.

Bayan an rufe kabarin aka tafi otal cin abinci, kamar kullum, romo da burodi. Aka zaunar da shi a teburin dangi, tsakanin Nuala da Malachy, Jarlath na fuskantarsa. Jarlath ya tura masa kwandon burodi ba tare da ya dube shi ba, Keith ya ce a'a, ya sake turawa, ya ɗauka. Hira ta koma inda takan koma a irin wannan rana, wa ke da fili a tsohuwar maƙabarta, wa zai kwanta kusa da wa. Malachy ya ce akwai sauran wurin mutum biyu a bayan na iyayensu, shi kuma ya riga ya kama nasa a wajen dangin matarsa. Nuala ta ce ita kam ko a ina ta mutu nan za a kawo ta, ba ta kwana a ƙasar Dublin. Sannan ta ce wurin ai na mutum biyu ne. Ba ta dubi mijinta ba, amma ta matso masa da man shanu.

Keith ya daɗe yana juya cokali a kwano. Ya dubi hannun Jarlath, duk ya faffashe, da laka a ƙarƙashin farce. Ya dubi sauran tsofaffin uku a teburin gefe, da 'ya'yansu da suka zo daga ƙasashen ƙetare, Sydney da Boston, za su koma jibi. Bai ɗaga murya ba, kuma ya yi tambayar daidai lokacin da kowa ya kai cokali baki.

"To in an kawo ni, wa zai haƙa?"